Shanu Masu Ninkin Tsoka: Aikin Yana Ranar Haihuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu na wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana a kan wasu shanu da hotunansu ke ta yawo a Facebook da WhatsApp: bijimai murɗaɗɗu, cinya curi-curi, fata a ɗame har mutum yana iya ƙirga tsoka ɗaya bayan ɗaya. Masu kallo sun kasu biyu. Wasu sun ce allura ake ɗirka musu, wasu kuma tambaya suke ina za su sami irin su zuba a garke. Duka biyun akwai gyara a maganarsu. Gado ne, da shi ake haifar su. Mai son irin kuwa ya kamata ya fara sanin yadda maraƙin yake fitowa daga cikin uwarsa, don hoton ba ya nuna wannan.

A jikin dabba akwai wani sinadari da ake kira mayostatin, aikinsa shi ne ya tsayar da tsoka idan ta kai inda ya dace. A shekarar 1997 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka gano shi a jikin ɓeraye, a wannan shekarar kuma masu bincike a Jami'ar Liège ta Beljiyam suka nuna cewa ƙwayar gadon da ke samar da shi ta sami naƙasu a shanun Belgian Blue. Shanun Piedmontese na Italiya su ma ƙwayar ce ta taɓu, sai dai a wani gurbi dabam. Abin da ke biyo baya shi ne zaren tsoka ya ƙaru, kitse ya ragu, fata ta yi sirara, ƙashi ya yi siriri. Mahauci yana son wannan, domin bayan fiɗa gangar naman takan kai kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin dabbar. Abin riƙewa a nan: maraƙi yana gadon ƙwayar nan ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Idan duka biyun masu naƙasu ne, sai a ga cikakken ninkin tsoka. Idan ɗaya ce, sai a ga ƙarin nama daidai gwargwado. Shanun Limousin na Faransa galibinsu wani sauyi ne mai sauƙi gare su, wanda ba ya ƙara wahalar haihuwa sosai. Shanun Charolais da Blonde d'Aquitaine kuwa, su ma na Faransa, matsalarsu takan zo ta girman maraƙi da daɗewar ciki.

Wahalar ta ɓangare biyu take zuwa a lokaci guda. Maraƙin Belgian Blue tsantsa yakan zo da kilo 45 zuwa 50, wani ya wuce. Amma nauyi ba shi kaɗai ba ne, har da fasalin jiki. Maraƙin kilo 45 mai tsawo da sirantaka zai iya sulluɓewa ta inda maraƙin kilo 45 mai faɗin kafaɗa da cikar cinya zai cije. Uwar kuma, gadon da ya cika ta da tsoka shi ya rage mata faɗin ƙashin ƙugu, wato zoben ƙashin da dole maraƙi ya bi ta cikinsa. Nama yana miƙewa, ƙashi ba ya miƙewa. Shi ya sa a Beljiyam sama da kashi 80 cikin 100 na shanun nan tsantsa ta hanyar tiyata suke haihuwa, kuma ba jira ake sai abu ya ɓaci ba, da niyyar haka ake kiwon tun farko. Ƙara da cewa namijin maraƙi ya fi tamata nauyi, karsana mai cikin fari ƙugunta bai gama buɗewa ba, kuma a ƙarshen ciki kowane kwana ɗaya da maraƙi ya ƙara a mahaifa yana ƙara kusan rabin kilo.

Wani zai ce ai a Ingila da Ailan ana zuba maniyyin Belgian Blue ga shanun madara suna haihuwa da kansu. Haka ne. Amma a duba wace saniya ce: Holstein babba, wadda ta haura kilo 600, ta taɓa haihuwa, ƙugunta faffaɗa, maraƙin kuma ƙwaya ɗaya kawai ya gada. Wanda ya ɗauki wannan maniyyi ya zuba wa ƙaramar saniya mai tozo, wadda da kyar ta kai kilo 300, wadda ta saba haifar maraƙin kilo 20 zuwa 25, wani lissafi yake yi dabam. Gaskiya ne jikin uwa yana ɗan taƙaita girman abin da ke cikinta, amma ba abin dogaro ba ne, balle ga karsana. A ganina zuba irin wannan maniyyi ga karsana mai cikin fari ganganci ne, ko wace iri ce ita.

Tun ran gini ran zane. Yawancin haihuwar da ke zuwa da gardama ranar barbara aka ƙulla ta. Kamfanonin da ke sayar da maniyyi suna buga alƙaluman kowane bijimi: sauƙin haihuwar 'ya'yansa, nauyinsu ranar haihuwa, da tsawon cikin. A nemi wannan takarda kafin a kalli hoton bijimin, a kuma duba yawan haihuwar da aka gina alƙaluman a kai, domin bijimin da aka auna a kan 'ya'ya kaɗan alƙalumansa suna iya sauyawa. Ana kuma gwada ƙwayar mayostatin a ɗakin gwaji da 'yan gashin jela da aka tuge da saiwarsu, a san dabba ɗaya take ɗauke da ita, ko biyu, ko babu. Wanda ya haɗa mai ɗaya da mai ɗaya, cikin kowane maruƙa huɗu ana sa ran ɗaya zai zo da cikakken ninki, alhali iyayen a ido ba su nuna sosai ba.

Karsana kada a ba ta bijimi sai ta kai kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na nauyin da za ta kai idan ta girma, ranar haihuwa kuma ta kai wajen kashi 85. Likitan dabbobi yana iya auna ƙugunta ta dubura da wani ƙarfen awo, ya ɗauki tsayi da faɗi ya ninka su. Misali santimita 13 sau 11 ya ba da 143. Masu kiwo da yawa a Amurka suna fitar da karsana 'yar shekara ɗaya daga layin haihuwa idan nata ya gaza 140. Batun abinci kuma mutane kan yi kuskure ta fuska biyu. Saniya mai ƙiba kitse yana cike mata hanya, ga saurin gajiya wajen nishi. Wanda kuma ya ce bari ya ƙuntata mata abinci a watannin ƙarshe don maraƙi ya ƙanƙance, abin da zai samu shi ne saniya marar ƙarfin naƙuda, dakashi kaɗan, da raunannen maraƙi, girman kuwa kaɗan ne zai ragu. A ma'aunin ƙibar jiki na 1 zuwa 5, inda 1 ramammiya ce, 5 kuma mai ƙiba sosai, a nemi ta haihu tana tsakanin 2.5 da 3.

A rubuta ranar barbara. Cikin shanun Turai kwana 283 ne a tsakaice, na Limousin da Blonde yakan ɗara haka da 'yan kwanaki. Idan lokaci ya matso hantsa takan cika, jijiyoyin da ke gefen gindin jela su saki har wurin ya lotsa. Masu kiwon Beljiyam suna ƙara da ma'aunin zafi ta dubura safe da yamma. A makon ƙarshe zafin jikin saniya yakan hau zuwa 39 ko sama da haka, idan aka ga ya sauka da kusan rabin digiri a kan na jiya a daidai wannan lokacin, galibi haihuwa tana cikin kwana guda. Awon safe da na safe ake gwadawa, na yamma da na yamma, saboda zafin yamma ya fi na safe ko da lafiya lau.

Naƙuda tana farawa da rashin sukuni: ta kwanta ta tashi, ta ɗaga jela, ta ware daga garke. Wannan yakan ɗauki awa 2 zuwa 6 kafin bakin mahaifa ya gama buɗewa, karsana takan fi haka. Daga nan faya ta fito, nishi ya kankama. Babbar saniya takan sauka cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, karsana tana iya kai awa biyu. Abin lura shi ne ci gaba. Idan tana nishi sosai har minti 30 babu abin da ya ƙaru a waje, ko ta shafe sama da awa 6 tana kai-kawo babu faya, a sa hannu a duba. Ga saniya mai ninkin tsoka da ke ɗauke da cikin bijimi irinta ma ba a jiran wannan, da zarar naƙuda ta fara ake kiran likita.

Kafin a sa hannu a ɗaure jelar gefe, a wanke gabanta da ruwa mai tsabta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sa doguwar safar hannu ta roba, domin akwai cutar ɓarin shanu da ke kama mutum ta ruwan haihuwa. A shafa man santsi da yawa. Ruwan omo ko sabulu ba ya maye gurbinsa, wanke santsin da jikinta ya samar yake yi, hanya ta bushe. Abu uku ake nema. Bakin mahaifa ya buɗe duka? Ta ina maraƙin ya taho? Yana da rai? Ƙafar gaba gaɓoɓinta biyu na farko, wuyan ƙafa da gwiwa, gefe ɗaya suke lanƙwasawa, ta baya kuwa saɓanin juna. Kofato yana kallon ƙasa, galibi ta gaba ya taho. Yana kallon sama, galibi ta baya. Don sanin rai a matsa tsakanin kofato, ko a sa yatsa a baki a ji ko zai motsa harshe. A bi ƙafafun har kafaɗa a tabbatar na maraƙi ɗaya ne.

Nan ne wurin da ake yanke hukunci, kuma nan aka fi yin asara. Kafin a ja da gaske ana gwajin ko zai wuce. Alamun ba zai wuce ba a fili suke: kan ya ƙi shiga zoben ƙugu, ko ya shiga amma tafin hannu ba ya samun wurin wucewa tsakanin goshinsa da ƙashin uwar, ko ƙafafun gaba sun gitta juna, ko kofatan sun juya suna kallon juna. Gittawar nan tana nufin ƙashin ƙugu ya matse kafaɗu tun daga mashiga. Idan babu waɗannan, a ɗaura igiya mai laushi ko sarƙar haihuwa a kowace ƙafa: zarge ɗaya a saman wuyan ƙafa, a sake naɗa na biyu a ƙasansa bisa kofato, igiyar ta bi ta saman ƙafar. Zarge ɗaya tak shi ke karya ƙashi ko ya cire kofato. An fi so saniyar tana kwance a gefenta. Mutum ɗaya ya ja ƙafa ɗaya, lokacin da take nishi kawai, har wuyan ƙafar ya fito waje da faɗin tafin hannu, wajen santimita 10. Ya riƙe nan, mutum na biyu ya ja ɗayar. Idan ita ma ta fito daidai da ta farko, kafaɗu sun shige, ana iya ci gaba. Idan ta ƙi, an gama magana. A saki igiya, a kira mai tiyata. Ga wanda ya taho ta baya, gwajin shi ne gwiwoyin bayan biyu su fito da faɗin tafin hannu.

Ƙarfin mutum biyu shi ne iyaka. Jak ɗin jan maraƙi yana iya kai kilo 400, wato ya ninka ƙarfin mutum biyu, amfaninsa riƙe abin da aka samu tsakanin nishi da nishi, a hannun wanda ya iya. Babur, mota ko tarakta kuwa ba su da gurbi a wannan aiki. Haka allurar oksitosin, wadda wasu ke gaggawar yi da sun ga haihuwa ta tsaya. Ita matsa mahaifa take yi, idan hanya a toshe take mahaifar ce za ta iya yagewa.

Maraƙi mai ninkin tsoka yana da wani tarko da gwajin kafaɗa ba ya kamawa kullum: gaba ya fito lafiya, kwankwaso ya cije. Zoben ƙugun saniya ya fi tsayi a kan faɗi, kwankwason maraƙi kuma ya fi faɗi a kan tsayi. Don haka da zarar kai da kafaɗu sun fito, a fara murza maraƙin a hankali, a karkata shi rabi zuwa kan gefensa, domin faɗinsa ya dace da inda zoben ya fi yalwa. Idan ƙirji ya fito a dakata, a share masa hanci, a sassauta igiya ya ja numfashi, saboda a lokacin cibiya ta matsu, ja kuma yana hana haƙarƙari buɗewa. Sannan a ci gaba tare da nishinta, ana karkata jan zuwa wajen ƙafafunta na baya. Wanda ya taho ta baya kuwa dabam ne: a bi a hankali har gindin jelarsa ya fito, daga nan a hanzarta, don cibiya ta toshe alhali kansa yana cikin ruwa.

Abin da jan ƙarfi ke bari a baya sananne ne. A jikin maraƙi, karayar haƙarƙari, karayar ƙashin baya ko na ƙafa, da lalacewar jijiyar cinya idan ya daɗe a maƙale, sai a ga ƙafar baya tana lanƙwashewa duk lokacin da ya taka, cinyar ta shanye cikin makonni. A jikin uwa, yagewar hanya da zubar jini, fitowar mahaifa waje, da matsewar jijiyoyin ƙugu har ta kasa tashi. Wadda ta tsira ma takan jinkirta ɗaukar wani cikin.

Mutane suna tsoron tiyata, alhali lokacin da aka yi ta shi ke raba mai kyau da mummuna. Wadda aka yi da wuri, maraƙi da rai, ba a yi ta cusa hannu ba, yawanci uwa da ɗa suna tashi. Wadda aka yi bayan an sha awa uku ana ja, saniya ta galabaita, mahaifa ta cika da datti, ita ke ɓata wa aikin suna. Galibi a tsaye ake yi, ta kwiɓin hagu, saboda tumbi yana wannan gefen yana tare hanji kada ya zubo. Likita zai aske wurin, ya wanke, ya yi allurar kashe zafi, ya tsaga santimita 30 zuwa 40, ya jawo mahaifa bakin tsagar ta hanyar kama ƙafar maraƙi, ya buɗe ta, mataimaka biyu su ɗaga maraƙin sama su fitar. Mahaifa ana ɗinke ta da zare mai narkewa, bakin yana juyawa ciki yadda ruwa ba zai ɗiga ba, sannan tsoka, sannan fata. Zaren fata ana cirewa bayan kamar mako biyu. Aikin mai dabba shi ne ya tanadi wuri mai tsabta da haske, bokiti biyu na ruwa mai kyau, inda za a tsare saniyar, da mutum biyu masu ƙarfi. Ya kuma gaya wa likita gaskiyar abin da aka yi kafin zuwansa: awa nawa aka ja, wace allura aka yi, wane man santsi aka zuba. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin irin na hoda da ake damawa da ruwa idan ya zuba cikin cikin saniya lokacin tiyata yana iya kashe ta. Idan maraƙin ya riga ya mutu, likita ne zai zaɓa tsakanin tiyata da yanka shi gunduwa-gunduwa a ciki da waya ta musamman.

Da maraƙi ya fito a zaunar da shi a kan ƙirjinsa, ƙafafun baya a miƙe zuwa gaba ta gefe da gefe, don huhu biyun su buɗe. A share yauƙin hanci da baki, a goge shi da ƙarfi da busasshiyar ciyawa, a sa tsinke a hanci ya yi atishawa. A daina rataye shi ta ƙafa: ruwan da ke zuba daga cikinsa yake fitowa, ba daga huhu ba, kayan ciki kuma suna danne huhu. Lafiyayyen maraƙi yakan ɗaga kai ya zauna da kansa cikin 'yan mintuna, wanda ya wuce minti 15 bai yi ba yana bukatar likita. A tsoma cibiya a aidin. Sai dakashi, kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, wato maraƙin kilo 45 yana bukatar lita 4 da ɗoriya, lita 2 zuwa 3 a awa biyun farko, sauran kafin awa 12. Bayan kwana guda hanjinsa ya daina ɗaukar garkuwar da ke ciki. Kada a dogara da cewa zai kama nono da kansa. Wasu maruƙan nan da ƙaton harshe ake haifar su, yana leƙowa waje, ba sa iya tsotso sai bayan kwanaki ko makonni, wasu kuma wuyan ƙafarsu a tanƙware, tsayuwa tana yi musu wuya. Iyayen ma ba su da yawan dakashi, don haka a tatsa a auna, a cike da na wata saniya mai lafiya, a ba shi da bulunboti ko da tiyon da ake zurawa ta maƙogwaro. Huhunsu da zuciyarsu ƙanana ne a kan girman jikinsu, shi ya sa ciwon huhu da zafin rana suke saurin kayar da su.

Uwar a sake sa hannu a duba ko akwai na biyu, ko yagewa. A ba ta ruwa ta sha iya shanta, da maganin rage ciwo daga likita. Mabiyiya takan faɗo cikin awa 12. Idan ta wuce kwana guda kada a fizge ta, a riƙa auna zafin jikinta, in ya haura 39.5 ko ta bar cin abinci a kira likita. Wadda ta kasa tashi a shimfiɗa mata ciyawa mai kauri a inda babu santsi, a riƙa juya ta duk bayan 'yan awoyi, a ɗaure ƙafafun bayanta da igiya mai tazarar kamar rabin mita don kada ta tale idan ta yunƙura. Wadda aka yi wa tiyata tana iya sake ɗaukar ciki, amma kowane aiki yana barin tabo, mahaifa tana iya mannewa da abin da ke kusa da ita, na gaba ya fi na baya wuya. A bar ta ta huta aƙalla wata biyu zuwa uku, likita ya duba ta, sannan a ba ta bijimi mai ƙananan 'ya'ya. A kuma rubuta lambarta da sunan bijimin da yadda haihuwar ta kasance, domin ƙuncin ƙugu ana gadonsa, 'yarta ma sai an auna kafin a bar ta a garke.

Na gode da filin da aka ba ni. Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin lafiyar dabbobi